Ranar da Bango Ya Ja da Baya

A durƙushe nake, gwiwoyina a kan ƙasa mai sanyi, na jingina bayan na'urar awo da gindin bango na danna maɓalli. Jajayen lambobi suka fito: ƙafa goma sha takwas da inci bakwai. Na tsaya ina kallonsu. Yanzun nan na auna a tsaye, daidai ƙirjina, na samu sha takwas da inci ɗaya. A ginin ƙasa kuwa gindin bango ya fi samansa kauri, don haka awon ƙasa shi ne gajere. Kullum haka ne. Tun da na fara wannan aiki ban taɓa shiga ɗakin da ƙasansa ya fi samansa faɗi ba. Na sake dannawa. Inci tara. Ga bango can ina kallonsa da idona bai motsa ba, amma na'ura ta ce ja da baya yake yi.

Zan dawo kan wannan ɗaki. Ku sababbin da Oga ya ɗauka bana nake rubuta wa, don na ji ɗayanku yana cewa aikin Anti Zuwaira ai cin banza ne: ta shiga gida, ta danna maɓalli, a dama mata fura ta sha ta fito. Wani kuma ya tambaya yana dariya, me aci-balbal take yi a rataye a shagon lantarki. Na so in ba ku amsa a take, amma har yanzu in na ɗauko maganar da baki muryata rawa take yi. Abin bai daɗe da faruwa ba. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta.

Na'urar da muke kira Jemage ba sayenta aka yi ba. Oga Bulus ne ya haɗa ta da hannunsa. Mutumin kudancin Kaduna ne, koyarwa ta kawo shi Haɗeja tun ina firamare, daga baya ya ajiye alli ya buɗe shagon gyaran rediyo da talabijin. Maƙwabcin shagonsa mai sayar da leda da labule ne, kullum cikin rigima da masu saye. Kun san gidajen cikin gari, yawanci ba shiga ne, namiji iyakarsa zaure. Sai mata su auna ɗaki da igiya ko gefen tsohon zani, su ƙulla alama su aiko. Igiya ta miƙe a hanya, ƙulli ya zame, a yanka leda a kai ta ƙi taɓa bango. In an ce a tura mace da tef, tef mutum biyu yake so, kuma wace ce za ta yarda ki matsar mata da jeren kwanuka don ki kai bakin tef jikin bango? Wannan ƙorafi Oga ya yi ta ji har ya gaji, ya kama tunani.

Ku buɗe bayan Jemage ku gani, amma a inuwa. 'Yan gwangwanayen nan biyu na gaba, daga tsofaffin rimot na talabijin ya ciro su, irin na da masu aiki da sauti. Ɗaya baki ne, ɗaya kunne. Bakin yana sakin wata siririyar ƙara da kunnen ɗan Adam ba ya ji, ta je ta daki bango ta dawo, kunnen ya kama. Abin da Oga ya fi nanata mini shi ne, "Zuwaira, Jemage bai san ƙafa ba, bai san inci ba. Lokaci kawai ya sani. Yana ƙirga daɗewar da muryarsa ta yi a hanya, mu muka koya masa ya mayar da ita ƙafa."

Wannan koyarwa tana cikin baƙar ƙwaƙwalwar nan mai ƙafafu da yawa, mai 'yar tagar gilashi a gadon baya da aka liƙe da salatif. Ni na karanta wa Oga lambobin da ke cikinta, ɗaya bayan ɗaya, yana danna su a allon maɓallai. Lokacin na gama sakandare ke nan, ba a daɗe da yanke mana jiha ba. Matarsa, Mama Rifkatu, ma'aikaciyar jinya ce, katangarmu ɗaya da su, ita ta roƙi Inna ta bar ni in zo, tunda na'ura ba za ta kai kanta cikin gidaje ba, mace ake nema. Watanni na yi ban taɓa Jemage ba. Ina share shago, ina ware ƙananan kaya bisa zanen launin jikinsu, ina koyon narka dalma har yatsuna suka yi tabon da kuke gani. In muka kuskure lamba ɗaya a ƙwaƙwalwa, ba gyara, sai an goge duka a faro. Haske ke goge ta, ta wannan 'yar taga. Akwai fitilar yin haka, amma da ta mutu sai Oga ya koma shanya su a faifai a saman rufin kwano, rana ta yi ta dukansu kwana da kwanaki. Mama Rifkatu ta leƙo ta ce, "Baban yara, in kuɓewar taka ta bushe ka ɗiba mini ta miya." Shi ya sa na ce muku a inuwa. Salatif ya ɓare, rana ta shiga, Jemage ya fara mantuwa, ya riƙa ba ku lambar da ba ta kowa ba.

Aikina na farko ɗakin wata amarya ne, kafin a kawo leda. An riga an yi jere, bango biyu kwanuka ne tun daga ƙasa har azara. Na danna, lamba ta fito, na sake dannawa wata daban ta fito, mata sun cika ƙofa suna kallo. Ɗaya ta ce, "Wannan rediyon naki ba ya magana ne?" Wata ta ce, "Kurma ne, da ido yake hira." Na dawo shago gumi har bayana. Oga ya dube ni ya ce, "Girgiza hannunki." Na girgiza, awarwarona suka yi ƙara, lambobin Jemage suka kama tsalle ba wanda ya danna. Ashe ƙarfe in ya daki ƙarfe yana fitar da irin muryar da Jemage yake saurare. Tun daga ranar nake cire awarwaro in ƙulle a bakin mayafi, in roƙi mai mukullai ta riƙe su da kyau, in sa a kashe fanka. Na koyi cewa labule haɗiye murya yake, kwano watsa ta yake, sai kin nemi fili a jikin bango ko da tafin hannu ne.

Wani zaure kuma na shiga a tsohuwar unguwa, ana so a yi masa silin. Ina dannawa sai na ji motsi a azara. Jemagu ne na gaskiya, suka sauko suna kewaya kaina, na'ura tana ta zuba lambobi. Tsohon gidan ya ce, "To, kin kira 'yan'uwansa, sai ki ba su wurin zama." Kyanwa ma tana jin sa. Duk gidan da na shiga, da na danna za ku ga ta miƙe kunne ta fice.

Dokar awon ƙasa daga wani aiki a Miga ta samo asali. Na auna a tsaye, aka yanka leda a kai, da aka shimfiɗa sai ta yi yawa, ta hau gindin bango ta tattare. Mai leda ya zo ya yi mana tas. Daga nan Oga ya kafa doka: kowane ɗaki a auna shi a ƙirji, a durƙusa a auna shi a ƙasa, kowanne sau uku. Sai doka ta biyu: in lamba ta ba ki mamaki, na'ura za ki fara zargi, ki fito da ita haske ki duba salatif da batir. Akwai kuma abin da yake kira gaisuwar safe. Murya ta fi sauri a iska mai zafi, ta fi nauyi a mai sanyi, don haka kowace safiya a tsaya a kan ƙusar nan ta tsakar shago, a auna bangon baya, a murɗa ɗan maɓallin gefe har ya ce ƙafa goma cif. Shekaru na yi a kan waɗannan dokoki, sun shiga jikina kamar alwala.

Sai ga bana. Ba sai na gaya muku ba, kun gani. Ruwa ya zo daga sama ya zo daga kogi, ciyawar kachala ta toshe masa hanyoyi, ya rasa inda zai bi ya shigo gonaki da gidaje. Daga Miga har Baturiya shinkafa ta nutse tana tsaye. Wa ke maganar leda ko labule alhali ɗakinsa ya zauna? Makonni muka yi Jemage yana rataye, Oga yana busar da rediyoyin da aka tsamo daga laka. Saboda haka da aka aiko cewa Hajiya Kaltume tana neman mai awo, har da sauri na ɗauki jaka.

Hajiya Kaltume babbar mai harkar shinkafa ce daga cikin gida. Tana sayen shanshera, wato mai ƙaiƙayi, mata su turara mata, a kai inji. Gidan yana gangaren da ke kallon kogi, sitonta kuma yana can ƙuryar sashen mata, tsohon gini wanda tsakar gida ta yi ta tashi ta bar shi a ƙasa, sai an sauka 'yan matakalu. Ta ce siminti take so a yi masa, a kafa katako a riƙa ɗora buhuna, magini yana jiran awo.

Da hantsi na isa. Abin da na fara lura da shi, ba wanda ya biyo ni. A kowane gida mata da yara sai an kore su daga bayana. Nan kuwa ina doso siton sai masu tankaɗe suka daina, mai daka ta jingine taɓarya. Hajiya da kanta ta buɗe kwaɗon, da ƙyar, ya yi tsatsa. Ta tura ƙofar da ƙafa ta ja baya.

"Ki dai yi sauri, 'yar nan."

"Ba za ki shigo ki nuna mini inda katakon zai tsaya ba, Hajiya?"

"Gwiwata ba ta son matakala. Auna duka kawai."

Na yi bisimilla na sauka. Ɗakin da sanyi, da wani wari mai tsami kamar ƙullun da ya kwana biyu. Tagoginsa an toshe su da laka tun lokacin ruwa, hasken ƙofa kaɗai ke shiga. Can ƙurya buhunan shanshera ne jibge, na ƙasa sun yi baƙi sun kumbura, ruwa ya taso musu ta ƙarƙashi. Shiru. A wannan damina da sauro ke shiga mutum har hanci, ko ɗaya ban ji ba. Da idona ya saba sai na ga ɓeraye a kwance nan da can, da ƙadangare, da kyankyasai sun kifa ciki sama. Ba ƙuda a kansu, ba tururuwa. Na ce a raina magani aka zuba. A tsakiyar ɗakin kuma ga tabarma a shimfiɗe, an naɗe zani an yi matashi, da mafici a gefe, kamar mai ita ta tashi ne yanzu za ta dawo.

Na auna a ƙirji sau uku. Na ji ina haki kamar na yi gudu, na ɗauka saurin da na yi ne a hanya. Sannan na durƙusa.

Kun ji abin da ya fito: inci bakwai, sannan tara. Sanyin ɗaki yana iya ƙara inci ɗaya ko biyu, ba wannan ba. Doka ta ce sau uku, na ƙara sunkuyawa, kumatuna ya kusa taɓa ƙasa don in daidaita bakin Jemage, na danna na ukun. Babu lamba. 'Yan layuka kawai, abin da yake nunawa in an auna sararin sama, in murya ta tafi ba ta dawo ba. Wato a wajensa babu bango a gabana sam.

Sai kaina ya sara. Zuciyata tana bugu har cikin haƙorana. Kunnena ya ɗauki wata siririyar ƙara mai tsawo, na ce shi ke nan, yau na ji muryar Jemage, abin da aka ce ɗan Adam ba ya ji. Hasken ƙofa ya ƙanƙance ya yi nisa. Wani barci mai daɗi ya taso mini, tabarmar nan tana gefena, na ji ba abin da nake so irin in ɗan kwanta a kanta.

Ba wayo ne ya tashe ni ba, kada ku ɗauka haka. Doka ta biyu ce kawai: a fita haske a duba salatif. Hannuna ya saba, ƙafata ta saba. Na miƙe ina dafa bango, na nufi ƙofa, ƙafafuna kamar na aro. A matakala suka ƙi ni, na faɗi, kaina a kan dokin ƙofa. Abin da na ji na ƙarshe shi ne ana jan mayafina, Hajiya tana ta salati.

Na farfaɗo a tsakar gida an jiƙa ni sharkaf. Mata sun yi da'ira, amma nesa da ni. Na ji wata tana raɗa, "Ya taɓa ta. Dubi leɓenta." Na ce wa ya taɓa ni? Sai Hajiya ta zauna a kan turmi ta rufe fuska.

"Iya Yagana," ta ce. "Tsohuwar da ke turara mini shinkafa. Bayan ruwa ya janye, wata rana da azahar ta ce ɗakin can da sanyi, bari ta ɗan kishingiɗa. Da la'asar aka je tashinta. Ba ciwo, ba komai, kamar mai barci. Waɗanda suka ɗauko ta sun fito jiri yana ɗibarsu, ɗaya har da amai, ta ce wani abu ya danne mata ƙirji. Na sa kwaɗo. Sai da aka yi sadakar arba'in na ce bari a yi siminti, ko abin ya tashi."

"Hajiya, kin san da wannan kika bar ni na shiga?"

"Wallahi 'yar nan, na ɗauka ke da kike da boko da na'ura ba zai kula ki ba."

Ban san yadda na hau acaɓa ba. A shago na gaya wa Oga lambobin, bakina yana haɗuwa. Ya karɓi Jemage ya ce, "Kwantar da hankalinki, tsohon nan naki ne ya fara ruɗewa." Ya duba salatif, yana nan daram. Ya gwada batir, cike. Ya tsaya a kan ƙusa ya danna. Ƙafa goma cif. Ya sake, goma cif. Ban taɓa roƙon Allah ya sa kayan aikina ya lalace ba sai ranar. Domin in Jemage lafiyarsa ƙalau, to abin da ya faɗa gaskiya ne, bangon ya matsa. Na fita bayan shago na yi ta amai.

Da na dawo Oga ya daina wasa. Ya sa na faɗi duk abin da na gani, har warin, har ɓerayen da ba ƙuda a kansu, har buhunan. Ya murza goshi, sannan ya ce in tafi gida, kada a bar ni ni kaɗai, zai aika wa Mama a asibiti, tana bakin aiki sai gobe za ta sauka.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Inna ta karɓo rubutu, ta turara ni, ta ce aikin nan ya ƙare daga yau. Maƙwabta suka yi ta shigowa sannu, suna kallona irin kallon da ake yi wa mai shirin tafiya. Wata ta ce wai wadda ta yi amai ranar Iya Yagana an mayar da ita ƙauyensu, ba a sake jin ɗuriyarta ba. Ciwon kan bai sake ni ba. Na hau gado na naɗe ƙafafu, na ƙi taka ƙasa, idona a kan gindin bangon ɗakinmu ina jiran ya motsa. Na sa a raina abin ya biyo ni, jira kawai yake in kwanta, yadda Iya Yagana ta kwanta.

Da safe sai ga Mama Rifkatu da farar rigarta ko cirewa ba ta yi ba, Oga yana zaure riƙe da doguwar gora. Ta taɓa goshina ta ce in tashi mu koma gidan. Inna ta tare ƙofa.

"Maman yara, zumunci daban, wannan daban. Ba inda za ta."

"Innar Zuwaira, ko matakala ɗaya ba za ta taka ba, na ɗauki alhaki. Amma in ba ta gani da idonta ba, tsoron nan ne zai kwantar miki da ita."

Oga ba shi da hanyar shiga gidan Hajiya, sai ya zagaya lungun baya, inda bangon siton ya fito, ya riƙa ɗaga murya ta saman katanga. Mu muna ciki, ni da Mama, mata sun taru a bayanmu.

"Kun buɗe ƙofa? Kowa ya tsaya a sama! Zuwaira, ɗaura fitilar a bakin gorar ki kunna."

Aci-balbal ce, ita ce wadda kuke yi wa dariya. Na ɗaura ta da waya, na kunna, na zura gorar cikin ɗakin ina tsaye a dokin ƙofa, Mama ta riƙe ƙuguna.

"Sauke ta a hankali. Me take yi?"

"Tana ci, Oga."

"Ci gaba."

Harshen wutar ya fara gajarta, ya yi shuɗi, ya rabu da lagwani kamar an ɗaga shi. Daidai tsayin gwiwar mutum ya mutu. Ba iska, ba motsi. Hayaƙin ma bai tashi ba, ya kwanta ya bazu a kwance, kamar mai a saman ruwa. Mata suka watse da ihu. "Ya hure ta! Wallahi ya hure ta!"

"Hajiya, a yi haƙuri a saurare ni!" in ji Oga daga bayan katanga. "Zuwaira, sake kunnawa."

Na sake. A wurin dai ta mutu. Na sake, wurin dai. Mama ta ce da Hajiya, "Kin gani? Tsayinsa ɗaya, kamar ruwa a randa."

Sai Oga ya yi bayani, yana tsayawa yana tari don ihun ya kama masa maƙogwaro. Ya ce jiƙaƙƙiyar shanshera in tana ruɓewa numfashi take yi, ta cinye iska mai kyau ta fitar da wata mai nauyi, wadda ba ta da launi, ba ta tashi sama, sai dai ta kwanta a ƙasa ta taru. Wuta ba ta rayuwa a cikinta, mutum ma haka. Murya kuma in ta shige ta tafiyarta nauyi take, kamar mai ratsa ruwa da ƙafa, wani lokaci ma ta nutse ba ta dawo ba.

"Jemage bai yi ƙarya ba, Zuwaira. Muryarsa ta daɗe a hanya, ya faɗi abin da ya ƙirga. Bangon yana nan inda magini ya bar shi." Sannan ya ce, "Hajiya, siton nan ba shi da rariya?"

"Akwai. Mun toshe ta da laka da buhun yashi, kada ruwan kogi ya shigo."

"To ita ce. Kun hana ruwa shiga, kun hana wannan fita."

Muka ji yana sara da diga a gindin bangon ta waje, inda lungun ya gangara. Can saran ya tsaya, sannan ya ce da wata murya da ban san shi da ita ba, "Na kunna ashana a bakin rariyar, ta mutu. Yana fitowa. A hana yara da kaji bin lungun nan." Ya fasa lakar tagogin ma. Mama ta sa mata suka kama tabarmi suna fifita bakin ƙofa, da farko biyu ne suka yarda, daga baya har Hajiya ta karɓa. Duk bayan wani lokaci in zura fitila. Tana mutuwa a ƙwauri, daga baya a idon sawu.

Ana kiran la'asar na sauke ta har ta zauna a ƙasa, kusa da tabarmar nan, tana ci abinta. Mama ta cika wa Inna alkawari, ba ta bar ni na sauka ba. Ta rataya Jemage a wuya ta shiga da kanta, ina gaya mata daga sama inda za ta jingina shi. Ta durƙusa ta danna.

"Sha bakwai da inci goma," ta ce.

Ya fi na ƙirji gajarta, yadda ya kamata. Na zauna a dokin ƙofar.

Ta fito ta wanke hannu, ta ciro abin awon ƙirji daga aljihu. Ta saurari gabana da bayana, ta ja fatar idona, ta riƙe wuyan hannuna tana kallon agogo. Ta sa na ja numfashi na sake, na ja na sake.

"Ciwon kan fa?"

"Ya ragu, Mama."

"Zuwa gobe ba za ki neme shi ki samu ba. Ita ma waccan da aka kai ƙauye, in dai wannan ne, tana can tana cin tuwonta. Abin da ya shiga ta numfashi ya riga ya fita ta numfashi. Ba ya zama a jini, ba ya bin mutum gida. Kin tsira, Zuwaira."

Na dubi cikin ɗakin. Fitilar tana nan tana ci, tana haska naɗaɗɗen zanin da maficin.

"To Iya Yagana fa, Mama? Ɗaki ɗaya muka shiga."

Ta mayar da abin awon aljihu, ta gyara mini mayafina da ya zame.

"Ita kwanciya ta yi, 'yata. Ke durƙusawa kika yi."